Tarkacen kicin ɗina da akwatin sukudireba

Ranar Asabar da ta wuce na shiga sito da niyyar ɗauko tandar waina, sai ga ni zaune a ƙasa kwalaye sun kewaye ni kamar mai shirin tashi daga gidan haya. Na ce tunda abin ya zama haka bari in ƙirga. Injin gugguru. Abin yanka dafaffen ƙwai mai siraran wayoyi. Wata robar ɓare tafarnuwa. Injin dakan sakwara da ko sau uku ban kunna ba. Abin naɗe samosa, abin feraye abarba, abin matse lemon tsami har kala biyu, da wani da na juya na juya na kasa tuna aikinsa, na duba kwalin kuma rubutun Sinanci ne. Goma sha bakwai na ƙirga. A cikinsu waɗanda hannuna ya taɓa a bana guda uku ne.

Hajiyarmu ta zo mana kwana biyu daga cikin gari. Ta leƙo da carbinta a hannu, ta ɗauki abin yanka ƙwan, ta ɗan taɓa wayoyin da farce.

"Ke 'yar nan, wannan kuma garaya ce?"

"Na yanka ƙwai ne, Hajiya."

"Au, wuƙaƙen gidan sun ƙare?"

Na yi dariya, amma maganar ta zauna min. Ba wanda ya tilasta min sayen ko ɗaya. Da dare ne, yara sun yi barci, kina kwance kina zagaya sitatus, sai ga wata mai saida kayan kicin ta ɗora bidiyo: hannu mai lalle ya jefa albasa a wani ɗan akwati, an danna, albasa ta fito a yanke reras. A ƙasa an rubuta saura guda biyar. Kafin ki yi salati kin tura kuɗi. Washegari ɗan sahu ya kawo, kin gwada sau ɗaya, kin gano wanke shi ya fi yankan albasar wahala, kin mayar kwali. Haka goma sha bakwai ɗina suka taru, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da daren da aka saye shi.

Kada wata ta ce min wannan cutar zamani ce. Iyayenmu ma sun yi jeren kwalla da langa da tasoshi har rufin ɗaki, kwanukan da ba a taɓa zuba musu miya ba har suka yi tsatsa a gindi. Abin da ya canja kawai shi ne jeren ya tashi daga bangon ɗaki ya koma kan kantar kicin, ya kuma samu waya da filogi. Ku je ganin ɗakin amarya yanzu. Kafin a tambayi lafiyarta an wuce kicin ana buɗe kabad. Uban yarinya ya ci bashi ya sayi na'urar gasa burodi, da ta haɗa kofi, da ta murza nama, alhali gidan da aka kai ta sai a yini a kwana ba a ga ƙyallin wuta ba. Kwallar Hajiya dai ko ba komai ranar da ta shiga matsi ta sayar da rabi ta yi jari. Je ki kai injin gugguru kasuwa ki ji nawa za a taya.

Na daɗe ina ɗora laifin a kan kasalata, sai daga baya na gane yawancin kayan nan ba don kicin ɗinmu aka ƙera su ba. An yi su ne don gidan da wuta ba ta ɗaukewa, da abincin da ba ya buƙatar ƙarfin dantse. Ɗauki tukunyar suya da iska, eyafirayar nan da kowa ke yayi. Yawancinsu suna jan wuta wajen wat 1,500. Ƙaramin janaretan da ke yawancin gidajenmu ko wat 1,000 bai kai ba. Ranar da na fara jona tawa, janaretan ya yi wani tari kamar tsohon da ya shaƙi yaji, ya mutu, kazar kuma tana ciki ɗanya. Masu sola ma sun san ba a jona irin wannan da dare sai in ana son batir ya yi gajeren kwana. In kuma kina layin wutar lantarkin da ake kira Band A, tun watan Afrilun 2024 da aka kai kuɗin yunit ɗaya naira 225 kin san kowace dannawa da lissafinta. Fetur kuwa tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 ba wanda ke tada inji don ya gasa dankali.

Wata ƙawata kuma yayarta ta aiko mata da injin kwaɓa fulawa daga Amurka, mai kyau kamar a ajiye a falo. Ba wanda ya gaya mata wutar can 120 ce, tamu 230. Ta samo ɗan abin da ke daidaita bakin filogi, ta jona, ya yi ƙara sau ɗaya, ƙauri ya cika gida. Ƙaramar taransifoma mai rage ƙarfin wuta kawai yake buƙata, da yanzu yana nan yana aiki.

Ni kuwa bilenda biyu na kashe. Ta farko da busasshiyar citta da kanumfari, wai zan haɗa yaji. Ta biyu da ayar da ban jiƙa ta kwana ba. Daga nan na koma wa mai markaɗen bakin layinmu da ladabina, na kuma daina hararar turmi. Har gobe ban ga na'urar da ke tuƙa tuwon dawa ya yi laushin da muciya ke ba shi ba, ban kuma ga wadda ke kaɗa miyar kuka kamar maburgi ba.

Ba ina cewa duk baƙon abu banza ba ne. Injin taliya 'yar murji ai baƙo ne, daga waje ya zo. Amma dubi yadda ya zauna a Kano: ba ya neman wuta, hannu ne ke juya shi, in ya cije a ɗiga masa mai, kuma mata nawa ne a lungunan cikin gari suka aurar da 'ya'ya da shi? Ya zo ya tarar da buƙata, shi ya sa ya zama ɗan gida. Guda ukun da suka tsira a wurina ma irinsa ne. Akwai ɗan akwatin nan mai igiya da ake ja ya daddatse attaruhu da albasa, ya raba ni da hawaye da zafin hannu. Akwai ma'aunin fulawa. Sai sarauniyarsu, tukunyar firesha. Ruwa a tukunyar da muka sani ba ya wuce digiri 100 komai wutar da kika zuga masa, a cikinta kuwa tururin da aka kulle yana kai shi wajen 120. Shi ya sa ganda da ƙafar sa da wake suke nuna kafin rabin lokacin da kika saba, gas ɗinki ya ƙara kwanaki. Ita ma sai da na yi wata guda ina tsoron ƙararta, ina leƙenta daga bakin ƙofa.

Amma abin da ya fi komai amfani cikin duk abin da na taɓa saya wa gidan nan ba na girki ba ne. Wani ɗan akwatin roba ne: sukudireba biyu, filaya, sifana mai daidaituwa, guduma, testa, da farin tef ɗin nan na famfo.

Dalilin sayensa kan famfon kicin ne da ya fara ɗiga. Maigida yana tafiya, na kira mai gyara. "Hajiya gobe da safe in sha Allahu." Goben ta zo, waya a kashe. Jibi ya ce yana wajen aiki a Hotoro, da la'asar. Kwana huɗu ina tara bokiti, a garin da mai garuwa ke ƙara kuɗin jarka duk lokacin zafi. A rana ta biyar haushi ya kai ni kasuwar Ƙofar Ruwa. Mai shagon, wani dattijo, ya dube ni ya dubi sifanar da na ɗauka.

"Hajiya, aike aka yi ki?"

"A'a Baba, ni zan yi."

Bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya ɗauko wani kan famfo ya nuna min: a fara rufe ruwa daga tanki, a kwance, a goge bakin zaren, a naɗa tef ɗin ta bangaren da za a ɗaure don kada ya warware, a fara murzawa da hannu kafin a sa sifana, kuma kada a matse da ƙarfin tsiya. Na dawo gida na yi bismilla. Minti ashirin. Na buɗe ruwa na tsuguna ina kallon gindin famfon kamar mai jiran ganin wata. Ko ɗigo. Wallahi daɗin da na ji a ranar ko ranar da na karɓi sakamakon jarrabawa ban ji shi ba.

Daga nan abin ya shiga jinina. Na canja fis ɗin filogin dutsen guga, na ɗaure marfin kabad da ya shekara yana lilo, na sake ragar sauro ta tagogi kafin damina. Sai kai ya fara kumbura. Na aro injin huda bango a maƙwabta, wai zan kafa kanta a kicin in jera tarkacen nan nawa. Ramin farko lafiya. Na biyu bulon ya zube kamar garin kwaki, don masu buga shi sun yi wa siminti rowa. Na matsa gefe na huda na uku, sai ruwa ya feso min a fuska. Bututun da ke kai ruwa banɗaki na samu a tsakiyar cikinsa. Garin neman gira na rasa ido. Mai gyaran da na yi fushi da shi dai shi na kira, ya zo a ranar kuwa, ya fasa tayil huɗu kafin ya kai ga wurin. Yana aiki yana murmushi.

"Hajiya, in za a huda bango a dinga duba inda famfo da soket suke. Bututu da waya a miƙe suke tafiya, sama ko ƙasa."

Na biya shi ba tare da na nemi ragi ba, na ƙara masa da abinci. Tun daga ranar na san iyakata. Abin da ya shafi wayarin ɗin cikin bango, da mita, da tiyon gas in ya wuce sabulu da ruwa na gwada yoyo, ba na taɓawa. Mun sha jin gidajen da gobara ta cinye da hunturu saboda haɗin wutar ganganci da hitar dafa ruwa da aka manta a bokiti. Kuma na daina raina kuɗin da mai sana'a ke yanka, don na ɗanɗana abin da ake biya.

Abin da ke ba ni haushi shi ne masu cewa mace da guduma ba tsari, ko namiji mai rufin asiri ba ya hawa tsani a gidansa. Yaushe muka zama haka? Hajiya ta ba ni labarin daɓen ɗakinta na aure. Matan unguwa ne suka taru, aka baza tsakuwa aka yayyafa ruwa, kowace da madaɓinta, suna bugu suna waƙa har ƙasa ta kwanta sumul, aka bi ta da makubar ɗorawa. Ba a ɗauko kowa daga waje ba. Sallah in ta matso, mata ne ke shafe ɗakunansu da farar ƙasa. Kafin ruwan farko maza ne ke hawa soro su yi yaɓe su gyara indararo. Har magogin kuɓewa gwangwani ne aka huda da ƙusa. Siminti da tayil ne suka zo muka naɗe hannu, har ta kai ƙwan fitila in ya mutu sai a jira yaron maƙwabta ya dawo daga islamiyya. Yanzu kuma mun ga Turawa a YouTube suna fentin ɗakunansu muna cewa sun iya rayuwa.

'Yata ta fari tana aji biyu a sakandare. Na fara tara mata kayan kicin kamar kowace uwa, ba zan yi ƙarya ba, har da 'yan abubuwan ganin ido, don ba zan bari a yi da ita a dangin miji ba. Amma muciya da maburgi da ludayi daga Kurmi za su fito, kasuwar da ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, kuma a ƙasan akwatin akwai sifana da sukudireba. Makon jiya ita ta canja kan famfon tsakar gida, ina tsaye ban sa hannu ba. Ta naɗa tef ɗin a baibai, ya warware, ta sake.

Kwalayen nan kuwa na rarraba su. Kashi ɗaya na ba ƙannena, kashi ɗaya yana jiran mai saye. Abin yanka ƙwan Hajiya ta tafi da shi, wai jikokinta za su yi kiɗa. Mai son injin gugguru da na sakwara ta yi min magana ta akwatin saƙo, rabin kuɗi, kwalinsu ma bai yage ba. Wanda na kasa gane aikinsa zan ɗora hotonsa anjima, don Allah wadda ta san shi ta faɗa min kafin in bayar, kada ya zama shi ne mai amfanin.