Ido Biyu, Tabarau Huɗu

Shekarata 47 lokacin da na shiga koyon tuƙin jirgin sama mara inji a Jamus, kusa da dutsen Wasserkuppe, inda aka fara gasar irin wannan jirgi tun 1920. Jirgin da muke koyo da shi ASK 21 ne mai kujera biyu, ɗalibi a gaba, malami a baya, kuma da yake babu inji, matuƙi ba shi da abin dogaro sai iskar da ke tasowa sama, sai kuma idonsa. Nawa idon kuwa likita ya auna ya ce nesa da ƙyar nake hangowa, kusa ma sai na miƙe hannu, saboda haka ya rubuta cewa ba zan tashi ba sai da tabarau, da wani na biyu a ajiye inda hannu zai kai.

Da na je shago ban gaya wa mai tabarau aikin da zan yi da shi ba, domin a ganina ido ido ne. Na zaɓi baƙi mai kashe ƙyalli, irin wanda masunta ke so, saboda kawai da na duba madubi na ga na yi kama da matuƙi. Muna kaiwa sama sai rufin jirgin, wanda ake gani ta cikinsa kamar gilashi, ya cika da launuka kamar bakan gizo, kuma da na karkata kai zan karanta allon na'ura sai ya yi baƙi ƙirin. Cikin muryar da na so ta fito da natsuwa amma ta fito da rawa, na sanar da malam cewa na'urarmu ta mutu. Ya ce in daidaita wuyana. Na daidaita, na'ura ta farfaɗo. Na sake karkatawa, ta sake mutuwa. Sau uku ina kashe ta ina tayar da ita, yana bayana yana dariya, kafin ya bayyana mini cewa irin wannan gilashi yana tare hasken allon, kuma yana iya ɓoye walƙiyar fiffiken wani jirgi da ke tahowa.

Tabarau na biyu da na saya mai canza launi ne da kansa. A ƙasa ya yi duhu yadda ake so, amma rufin jirgi yana tare yawancin hasken da ke sa shi duhun, sai ya washe daidai lokacin da rana ta fi dukan fuskata, na sauka ina hawaye kamar mai yankan albasa.

Sai a karo na uku na yi wa mai shagon bayani. Ya haɗa mini mai launin toka, siririn hannu, da sashen karatu a ƙasa, guda biyu iri ɗaya. Na ajiyar na zura shi a aljihun baya, na goya laimar sauka, na zauna, aka ɗaure ni tamau. Ƙarar da na ji ba daga jirgin ta fito ba.

Da daddare na baje su a kan tebur, uwargida ta ƙirga, ta ɗaga karyayyen ta ce, "Maigida, ido biyu Allah ya ba ka, tabarau huɗu ka saya, kuma wanda likita ya ce ka ajiye shi ka zaune." Ta ɗauke na masuntan, yanzu da shi take zuwa kasuwa.