Saɓa ranar kotu ba ya nufin mutum ya ɓuya

Yana damuna yadda mutane da yawa a Gombe suka ɗauka cewa wanda ya saɓa ranar zaman kotu gara ya kwanta ɗaki, domin a ganinsu da zarar ya sake bayyana alƙali zai tura shi gidan yari. Tsoron yana da tushe, tunda a shari'ar laifi kotu tana iya ba da takardar kamu, ta soke beli, ta kuma nemi wanda ya tsaya wa mutum ya kawo shi ko ya biya kuɗin da ya sa hannu a kai.

Sai dai jinkiri ne yake tsananta lamarin. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ma ta ba kotu damar ci gaba da shari'a a bayan idon wanda yake kan beli idan ya ci gaba da ƙin zuwa ba tare da ƙwaƙƙwaran uzuri ba.

A ɗauka wani ɗan kasuwa daga Kumo zazzaɓi ya kwantar da shi ranar zamansa. Abin da ya kamata shi ne washegari ya sanar da lauyansa, ko ya je wurin rajistara ya ji umarnin da aka bayar da ranar da aka ɗage zaman, yana riƙe da takardar asibiti, sannan lauya ya roƙi a janye takardar kamun.

A ƙarar bashi kuwa, idan an kori ƙarar mai ƙara don bai zo ba, yana iya neman a dawo da ita, haka wanda aka yanke wa hukunci a bayan idonsa yana iya roƙon a jingine hukuncin, muddin ya hanzarta.