Barbarar yanyawa ba gyaran iri ba ce

Tun da aka kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya a 2024, kusan duk inda aka zauna zancen tumaki a Kano sai wani ya miƙe ya ce mafita ɗaya ce: a kawo manyan raguna daga waje su barbari namu. Wannan magana ta ishe ni.

Masu ita suna son kafa hujja da Birtaniya. To, mu je can ɗin. A tsaunukan arewacin Ingila da Sukotlan, makiyayi yana riƙe da tunkiya irin Swaledale ko Blackface, mai jure sanyi da ƙarancin ciyawa. Ita ake haɗawa da ragon Bluefaced Leicester ta haifi wadda suke kira Mule, sannan a gangaro da Mule ɗin ƙasa mai dausayi a ba ta ragon Texel ko Suffolk don samun nama. Amma garken asali yana nan a kan tudu, jininsa bai gauraya ba. Wannan ɓangaren ne ba a faɗa mana.

Mu fa? Mutum ya sayo ragon Sudan a Wudil ko Ɗambatta, ya sake shi cikin garke, ba rubutu ba lissafi. 'Ya'yan fari su fito da girma, a ɗora hotonsu a Facebook. Jikokin kuwa ci kamar gara, ba sa jure rani, kuɗin dusa da harawa da allura su cinye ribar. Wai ai babban rago ne ke kuɗi da Babbar Salla. Kasuwar mako biyu ce za ta tsara mana kiwon shekara?

Tunkiyar 'Yanƙasa da ake rainawa ita ce ke rayuwa a kan kowar wake da ƙaiƙayi da ɗan kanwa a gidan bazawara a Kurna, ta haihu, a sayar a biya kuɗin makaranta, takinta kuma ya koma gona. Kiwo babu sinadarai da Turawa ke biya da tsada ke nan. Idan girma ake nema, ga Balami da Uda a ƙasarmu, sun saba da zafin ranarmu.

Cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, wato NAPRI, tana Shika, nan kusa da Zariya. Gwamnatin Kano ta nemi masananta, ta ware garken 'Yanƙasa zalla a tuddan Doguwa, a fara rubuta asalin kowane rago kafin a sake shi cikin tumakin mutane.