Kuɗin ciyarwa da ganin yaro ba kayan musaya ba ne

Idan aure ya mutu, akwai maganganu biyu da ke saurin fitowa, kuma kusan a tare suke fitowa. Uba ya ce, "Tunda ta hana ni ganin 'ya'yana, ba zan ƙara ba da komai ba." Uwa ta ce, "Wanda bai san cinsu da shansu ba, me zai zo gani?" Kowannensu yana ganin ya kafa hujja. A ganina, dukansu suna ciniki ne da kayan da ba nasu ba. Ciyarwa haƙƙin yaro ce, ba lada ba ce da ake biyan uwa don ta yi ladabi. Ganin uba ma haƙƙin yaron ne, kuma rashin biyan kuɗi ba ya soke shi.

Doka ba ta yi shiru a kan wannan ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda kowace ƙasa mai kujera a majalisar ta amince da ita in ban da Amurka, ta ce a sashe na 9 yaron da ya rabu da ɗaya daga cikin iyayensa yana da haƙƙin ci gaba da hulɗa da su biyun a kai a kai, sai fa in hakan zai cutar da shi. Sashe na 27 kuma ya ɗora wa gwamnatoci nauyin ɗaukar matakan karɓo kuɗin ciyarwa daga iyaye. Babu inda aka rataya wannan a wuyan wancan.

Shari'ar Musulunci ta daɗe da raba su. Aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ɗora ci da tufafi a kan uba, sannan ta hana a cutar da uwa saboda ɗanta, ko a cutar da uba saboda ɗansa. A mazhabar Malikiyya, uwa ce ke da riƙon ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace kuma har ta yi aure ta tare. Hanafiyya sun tsayar da riƙon uwa a wajen shekara 7 ga namiji, 9 ga mace, Shafi'iyya kuma suna barin yaro ya zaɓa idan ya yi wayo. Maza da yawa suna ɗauka cewa da zarar tsohuwar matarsu ta yi wani aure, yaro ya dawo hannunsu ke nan. A Malikiyya ba haka ba ne: kakarsa ta wajen uwa ce ke gaba a layi. Kuma duk hannun da yaron ya faɗa, ciyarwa tana nan a kan uba.

To me ya sa ake ta kai ruwa rana? Saboda fushin da ake yi da juna ba shi da inda zai sauka, sai a bar jaki a koma dukan taiki. Dubi yarinya 'yar shekara takwas da aka aika hutu wajen ubanta da saƙo a baki: "Ki gaya masa an kusa korarki saboda kuɗin makaranta." Tana shiga ta gaishe shi, ta yi ta juya maganar a ranta har dare, don ta san fuskarsa za ta canza. Ranar komawa shi ma ya ɗora mata nasa: "Ki ce wa uwarki na ji, in tana da ja ta kai ni kotu." Kafin ta ajiye jaka an fara tambayarta me ya ce, wa ta gani a gidan, an saya wa amarya sabon abu? A haka yarinyar za ta koyi tace magana da ɓoye murna, ta daina cewa ta ji daɗin hutu. Masu binciken halayyar yara, irin su Paul Amato na Amurka, sun daɗe suna nuna cewa rigimar da ba ta ƙarewa tsakanin iyaye tana cikin manyan abubuwan da ke illata yara bayan rabuwa, musamman idan aka sa su a tsakiya.

Akwai uzuri mai ƙarfi a ɓangaren uwa, kuma ba zan raina shi ba. Macen da aka bar wa yara uku, uba ya yi biris, kotu ta yanke hukunci amma takarda kawai ta samu, ba ta da wani abin matsa masa sai ƙofar gidanta. Wanda zai ce mata ta buɗe ƙofar, sai ya fara faɗa mata inda abincin gobe zai fito. Wasu ƙasashe sun gane haka. Tunisiya ta kafa asusu a 1993 wanda ke biyan matar da aka yanke wa kuɗin ciyarwa idan miji ya ƙi biya, sannan asusun ya bi shi bashi. Masar ta yi makamancin haka a 2004 ta hannun Bankin Nasser. Jamus tana biyan irin wannan kuɗi a madadin wanda ya ƙi, kuma a 2017 ta tsawaita shi har yaro ya kai shekara 18. Gaskiya ne ƙaramin kaso Jamus ke iya ƙwatowa daga masu bashin. Duk da haka, bashin ya koma tsakanin mutum da hukuma, an cire yaro daga layin karɓar bashi.

Iyaye maza ma suna da kuka. Hukuncin da ya tsaya a "uba yana da damar ganin yaransa" bai warware komai ba, ya dai buɗe sabon fagen ja-in-ja. Wace rana? Wa zai kai, wa zai ɗauko? Hutun makaranta fa? Idan yaro ya kwanta asibiti, wa ke da alhakin sanar da wa? Alƙalin da ya rubuta waɗannan dalla-dalla ya rage wa kansa zaman kotu na gaba.

Wannan ba kira ba ne a raba lokacin yaro biyu daidai ko ta halin ƙaƙa. Ostireliya ta sa a dokarta a 2006 cewa a ƙa'ida iyaye biyu su yi tarayya daidai wajen yanke shawara kan yaro, mutane da yawa suka fahimce shi a matsayin rabon kwana daidai, har da gidajen da aka sha duka. An cire wannan ƙa'ida a gyaran da ya fara aiki a watan Mayun 2024. Inda akwai duka, ko shaye-shaye, ko fargabar a gudu da yaro, kotu na iya taƙaita ziyara, ko ta sa a yi ta a gaban wani amintacce, ko ta dakatar da ita. Amma alƙali ne zai yanke wannan bisa hujjar cutarwa, kuma ko ya dakatar da ziyarar, kuɗin ciyarwa na wannan watan yana nan a kan uba.