Tanko Zai Ci Bashin Alhaji

(Teburin mai shayi kusa da Ƙofar Soro, Katsina, da hantsi. Malam, tsohon hedimasta, yana kurɓar shayi. Dillali ya dawo daga kara, aljihunsa ya yi tudu. Sai ga Tanko.)

TANKO: Salamu alaikum. Mai shayi, haɗa mani mai kauri da rabin burodi. Rubuta.

MAI SHAYI: Littafin ya cika da sunanka, sai dai in koma bango.

DILLALI: Me ya sami fuskarka, Tanko, kamar wanda aka koro daga gidan biki?

TANKO: Wallahi Baba, Alhaji ne. Jiya na je neman rancen naira 150,000 in sayi ɗan rago in turke kafin babbar salla. Ban rufe baki ba ya ce in ɓace mashi da gani.

DILLALI: Ƙarfe nawa ka je?

TANKO: Biyu saura.

DILLALI: Ya ci abinci?

TANKO: An dai kawo kwanon, bai buɗe ba.

DILLALI: Su wa ke wurin?

TANKO: Surukinsa, da yaran shago uku, da wani direba da ya zo gaya mashi motar simintinsa ta faɗi wajen Kankiya.

DILLALI: Inna lillahi! Kai kuma ka ce me?

TANKO: Na yi mashi jaje. Sannan na ce tunda dai yau ranar fitar kuɗi ce, a haɗa da nawa.

MALAM: (ya aje kofi) Yaro, ka gode Allah da ka fito da ƙafafunka. Malaman balaga, wato ilimin fasahar magana, da aka ce su faɗi mece ce balaga, cewa suka yi ita ce magana ta dace da halin da ake ciki. Larabawa na cewa kowane zama da irin maganarsa. Su ko Girkawan dā, har suna suka raɗa wa lokacin da ya dace, suna ce mashi kairos. Sun sassaƙa shi kamar saurayi mai gudu, tukku a goshi, ƙeya kwal ba gashi. In yana zuwa ka cafki tukkun. In ya wuce, ba abin kamawa.

TANKO: Allah gafarta Malam, ni ai ko inuwarsa ban gani ba.

DILLALI: Bari in sauko maka da karatun Malam ƙasa. Ba a roƙon mai yunwa, ba a roƙon wanda aka yi wa asara yau, ba a roƙon mutum yana saka takalmi zai fita. Da azumi kada ka kuskura ka tunkari kowa tsakanin la'asar da shan ruwa, ko da kai ke bin sa. Kuma babban kuskurenka, gaban mutane. In ya ba ka gaban yaran shago, gobe su uku za su yi layi. In ya ba ka gaban suruki, suruki zai ce ashe akwai. Ka ga tun kafin ka yi magana ka riga ka tilasta mashi ya ce babu.

TANKO: To yaushe ke nan?

DILLALI: Bayan isha'i, ya ci tuwo, ya wanke hannu, ya miƙe ƙafa bisa tabarma a zaure. Ko ranar da ciniki ya faɗa. Ka gaishe shi, ka tambayi iyali, ka bari shi ya fara cewa "lafiya dai?" Wannan "lafiya dai" ita ce tukkun da Malam ke faɗi.

TANKO: Shi ke nan, yau da dare zan koma.

MALAM: Zauna. Lokaci rabin aiki ne. Arisɗo, masanin Girkawa, wanda aka haifa shekara 384 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ce abu uku ke sa a yarda da magana: hujjar da ke cikinta, da halin da zuciyar mai sauraro ke ciki, da kuma shi mai maganar, ko wane ne. Na ukun nan ma ya kasa shi uku: a ga kana da hankali, a ga kana da kirki, a ga kana nufin mai sauraronka da alheri. Wanne ka riƙe a ciki?

TANKO: Ina da niyya.

MAI SHAYI: Niyyarsa na nan shafi na 14.

DILLALI: Tsaya ma. Alhaji ba ya bin ka komai?

TANKO: Wata 'yar 7,000 ce ta bara waccan. Na tabbata ya manta.

DILLALI: Mai kuɗi na iya mance sunan jikansa, ba ya mance 7,000. Kana magana, shi yana kallon goshinka yana karanta ta. Ga abin yi. Ka nemo ta ka kai mashi, ka ce ga saƙonsa, ka nemi afuwar jinkiri, ka tashi. Kada ka roƙi ko ruwan sha ranar.

TANKO: In kai kuɗi in fito hannu rabbana?

DILLALI: In ka biya da dama ka roƙa da hagu, ya gane tarko ne, ka sa ƙaramin kifi don ka kamo babba. Ka bari Juma'a biyu ta wuce. A tsakani ka riƙa zuwa gaisuwa wadda ba roƙo a cikinta, don yanzu sallamarka kaɗai in ya ji, hannunsa ke tafiya bakin aljihu ya toshe.

MALAM: Ranar da za ka yi maganar kuma, ban da "a taimaka da abin da ya sauƙaƙa". Wannan bara ce, ɗari biyar za ka samu.

DILLALI: Ƙwarai. Ka faɗi adadi, ka faɗi abin da za a yi da shi, ka faɗi ranar biya. Ka ce: rago naira 110,000, dusa da harawa da kanwa da maganin tsutsa 40,000, turke kwana 90, zan kai shi kara saura kwana huɗu salla, washegari in kawo maka kuɗinka.

TANKO: Me ya sa ba jajibere ba? Ai ran nan mutane suka fi matsuwa.

DILLALI: Ran nan kai ma ka matsu. Da yamma ta yi, masu raguna na tsoron komawa gida da su, sai farashi ya karye. Mai saye ya san haka, yana tsaye yana sakace. Ka ga ko sayar da rago yana da tukkunsa.

TANKO: Sai in ce mashi riba tabbas ce, ninki biyu.

DILLALI: Ka kashe kanka. Shekara talatin ina dillanci, ban taɓa yabon dabba tun daga kai har wutsiya ba. Ni ke fara nuna aibu. In ce, Alhaji dubi nan, kofatonsa na baya ya yi tsawo, yana son yanka. Sannan in buɗe bakinsa in nuna ya yi famfara, manyan haƙora biyu sun fito a gaba, alamar ya haura shekara, layya ta halatta. Tunda ya ji aibu daga bakina, yabon ma sai ya karɓa. In ko shi ya gano aibun da kansa, ko rantsuwa na yi da Alƙur'ani ba zai saya ba. Kai ma ka riga Alhaji faɗin abin da yake tsoro: rago na iya mutuwa, ana iya sacewa. In haka ta faru, ga kekena na ɗinki jingina.

TANKO: Keken na matata ne.

MAI SHAYI: Kuma yana jingine wurin mai nama.

DILLALI: To sai ka nemi wanda zai tsaya maka. Wanda ba shi da mutuncin kansa, aro yake yi. Dattijo guda, wanda Alhaji ke jin kunyarsa, ba taron abokai ba. Abu na ƙarshe: in ka gama faɗi, ka yi shiru. Nan ake faɗuwa. Mutum ya roƙa, Alhaji ya yi shiru yana lissafi, shi kuma shirun ya dame shi, sai ya shiga ƙari: wallahi ga kuɗin haya, ga mai ɗaki ba lafiya. Sai Alhaji ya gane ba rago za a saya ba.

TANKO: (ya yi jim, ya gyara zama) Baba, ka karya kumallo?

DILLALI: Ƙwai uku na ci, alhamdu lillahi.

TANKO: Ya kasuwa?

DILLALI: Sai godiya. Bijimi biyu na sayar da safen nan, la'ada ta shigo.

TANKO: Ya iyali? Ya ƙafar Inna?

DILLALI: Da sauƙi. Lafiya dai?

TANKO: (ya matso, ya rage murya) Naira 7,000 nake so, in kai wa Alhaji. Zan biya ran Juma'a ta sama bayan an sauko. Aibuna kuwa, ni ba na biyan bashi.

(Tanko ya kama bakinsa, ya yi tsit. Dillali ya dubi Malam, ya dubi mai shayi, ya dubi sama.)

DILLALI: Kai, ɗan nema! Da wuƙata za ka yanka ni? To, lokaci ka dace. Saura mai tsaya maka.

TANKO: Ai ga dattijo guda wanda kake jin kunyarsa. Allah gafarta Malam...

MALAM: (ya miƙe, yana laluben takalmi) Kamar kiran salla nake ji daga wajen Gobarau.

MAI SHAYI: Malam, goma da rabi fa ta safe.

MALAM: Walaha.

MAI SHAYI: Kuɗin shayin fa?

MALAM: (daga bakin titi) Rubuta a shafin Tanko!