Rigar ƙyalli ba ta tare mota

Mutane da yawa suna ɗauka cewa da zarar ma'aikacin titi ya sa riga mai ƙyalli da hular kwano, an kuma jera 'yan robobin gargaɗi a gefen hanya, to an gama da maganar kariya. Ba haka ba ne. Riga tana sa a hango mutum ne kawai.

Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Direba ya kalli wayarsa na daƙiƙa biyu, ya riga ya isa kan mai riƙe da shebur.

Shi ya sa aikin ke farawa tun kafin a sauke kaya. A zagaya wurin da ƙafa: ina hanya ta yi kwana, ina gangara, wane bututu ko wayar lantarki ke binne inda za a haƙa? In za a iya karkatar da motoci gaba ɗaya, ya fi. In ba hali, a kafa shingen kankare da alamu tun daga nesa. Sannan a ware mutum ɗaya mai yi wa direban tifa jagora duk sanda zai yi baya, domin daga kujerarsa ba ya ganin wanda ya durƙusa a bayansa.