Kwatar unguwarku a kan takarda ake fara haƙa ta

Jama'ar Damagaram, assalamu alaikum. Rubutun nan yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku karanta, don abin ya daɗe yana cina a rai.

Babu wanda zai manta daminar 2024 a garin nan. Ranar 3 ga Satumba tsohon masallacin unguwar Birni ya faɗi, ginin ƙasa da ya haura shekara 150 a tsaye. A cikin kwanakin ne ruwa ya shigo gidanmu da tsakar dare. Na tarar da Inna tsaye a ɗaki, ruwa ya kai mata ƙwauri, tana ta fama da buhun hatsi ita kaɗai don ta ɗora shi kan gado. Gari na wayewa muka fita muka duba, sai ga kwatar bakin layinmu cike da leda da yashi, ruwa ya rasa hanya ya bi ta gidajen mutane.

Kwana uku muna zaune a fada, wato wurin hirar samarin unguwa, muna shayi muna ɓacin rai, kowa na faɗin ina kuɗin harajinmu. Akwai wani dattijo maƙwabcinmu da ya taɓa yin kansila, yana zaune a gefe yana jinmu. Da muka yi shiru sai ya kira ni, ya ce: "Ɗana, wa ya je cikinku lokacin da ake rubuta kasafin bana?" Na ce Baba, ai ban ma san ana zuwa ba. Ya ce to kwatar da ba ta shiga takarda tun bara ba, ko wa ke kan kujera ba shi da kuɗin da zai taɓa ya yashe ta bana.

Maganar nan ce ta sa na zauna na nemi sanin yadda abin yake.

Kasafin kuɗin gari takarda ce ta shekara guda, daga Janairu zuwa Disamba. Gefe ɗaya abin da ake sa ran zai shigo: harajin da masu unguwa ke tarawa, tikitin kasuwa, kuɗin tasha, na mahauta, na rumfuna, da abin da gwamnati ke turowa, har da na hukumar ANFICT da aka kafa don tallafa wa ƙananan hukumomi. Ɗaya gefen abin da za a kashe, shi ma kashi biyu ne. Akwai na gudanar da aiki, wato albashi, man mota, wuta, takardu. Akwai na ayyukan da ido ke gani: aji, rijiya, kwata, rumfar kasuwa. Dokar ƙananan hukumomin Nijar ta 17 ga Satumba 2010 ta ce a ware aƙalla kashi 45 cikin 100 na kuɗin shiga na yau da kullum a sa a wannan kashi na biyu. Ku riƙe lambar nan da kyau. Duk wanda ya samu takardar kasafi a hannu, ita ce abin farko da ya kamata ya lissafa.

Yadda dokar ta tsara, magajin gari da ma'aikatansa ne ke shirya daftari a watannin ƙarshen shekara, a kai gaban kansiloli su yi muhawara su kaɗa ƙuri'a. Sarakuna da 'yan majalisar dokoki na yankin suna zama a wurin, suna ba da shawara, amma ba su da ƙuri'a. Daga nan takarda ta wuce wurin wakilin gwamnati ya duba ko ta bi doka. Wanda ke ba da umarnin a biya daban, wanda ke riƙe da asusu daban, don kada hannu ɗaya ya rubuta kuma ya ɗiba. Shekara na ƙarewa a sake kawo lissafin abin da aka tara da abin da aka kashe a zahiri. Ni a ganina wannan lissafi na biyu ya fi na farko daraja, don alkawari kowa ya iya.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne da na gano zaman kansiloli a buɗe yake ga jama'a. Daga zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 har zuwa 2024 ƙofar nan ta kasance a buɗe, shekara ashirin, ni da ke wucewa ta wurin kullum a kan babur ban taɓa tsayawa na leƙa ba. Mun ɗauka abin na 'yan boko ne da 'yan siyasa. Gaskiya ne takardun da Faransanci suke, kuma wannan babban shinge ne ga yawancinmu. Amma wace unguwa ce a Damagaram ba ta da malamin lakwal ko ɗalibin jami'a da zai iya karanta shafi goma ya fassara wa mutane a ƙofar masallaci?

Na san abin da wasu za su ce: ai yanzu babu kansiloli. Haka ne. A watan Afrilun 2024 aka rusa majalisun garuruwa da na jihohi, aka naɗa masu riƙo, waɗanda muke ce wa AD. Ba gardamar wannan na zo yi ba. Abin da na sani shi ne mai tikiti bai daina zagayawa Kasuwar Dole ba, mai sayar da tumatir ba ta daina kwance bakin zane ta miƙa 'yan dalolinta ba, kuma kowace shekara sai an rubuta kasafi. Da, in ka yi shiru, akwai kansilan da zai iya tunawa da unguwarku don yana son ƙuri'arku. Yanzu in ka yi shiru, sai dai a yi maka zato. Shi ya sa nake ganin magana ta fi wajaba yau fiye da jiya. Akwai ma dokar 2011 da ta ba ɗan ƙasa 'yancin neman takardun hukuma, don haka wanda ya je cikin ladabi ya ce yana son ganin kasafin garinsu bai yi rashin kunya ba.

Garin nan gundumomi 5 ne, kuma buƙatar Kara-Kara ba ita ce ta Birni ba, ta Garin Malam ba ita ce ta Sabon Gari ba. Wani ruwan famfo ne ciwonsa, yana sayen jarka wurin 'yan ga-ruwa da tsada duk bazara. Wani tabki ne ke cika ya shigo masa ɗaki. Kuɗin kuwa ba su isa kowa, wannan kada mu ruɗi kanmu. Dole wani aiki ya jira. To wa zai ce wanne ne zai jira? A Porto Alegre ta ƙasar Barazil, tun 1989 suka fara tara mutanen unguwanni su jera buƙatunsu da kansu, wannan farko, wannan na biye, sannan a shigar cikin kasafi. Mu da muke da masu unguwa, da limamai, da ƙungiyoyin mata masu adashi, da fada a kowane lungu, wurin taruwa bai taɓa yi mana ƙaranci ba.

Akwai kuma wadda ta shafe mu kai tsaye, dole in faɗa. Ledar da ta toshe kwatarmu ba daga sama ta faɗo ba, daga gidajenmu ta fito. Kuma da yawanmu in mai unguwa ya aiko maganar haraji sai mu ce a dawo gobe. Wanda bai biya ba, bakinsa na yin nauyi ranar tambaya. Ka biya, ka karɓi takardar shaida, ka adana ta. Kuɗin da aka karɓa ba tikiti ba su isa asusu.

Mu a layinmu ga abin da muka tsayar. Buƙata ɗaya za mu rubuta, ba goma ba: yashe kwata daga bakin titi zuwa tabki kafin ruwan farko. Mun auna tsawonta da igiya, mun ƙirga gidajen da ruwa ya shiga, matan layin ne ma suka fi mu sanin adadin. Takardar za ta bi ta hannun mai unguwa, mu riƙe kofi mai hatimi, mu kai tun watan tara, kafin a rufe daftari. Baba ya ce zai raka mu. Duk ɗan wata unguwa da ke son ganin yadda muka tsara takardar, ya same mu ranar Juma'a bayan la'asar a ƙofar gidan mai unguwarmu, ya taho da mutum ɗaya mai karatun Faransanci.